AMSAR WASIƘUNKU: YADDA ZA A JI DAƊIN IYAFIS BA TARE DA AN KASHE KUNNE BA

  

To, a wannan mako wasiƙu huɗu ne suka taru a kan abu guda, don haka na ga ya fi kyau in haɗa su in amsa gaba ɗaya. Abin kuwa shi ne ɗan abin sauraren nan da ake cusawa a kunne a jona da wayar hannu, wanda aka fi sani da iyafis. Na san da yawa daga cikinku da shi kuke jin muryata, wani a gindin rumbu, wani a kan buhu a rumfar kasuwa.

Wasiƙa ta farko daga wani manomin albasa take, daga wajen Aliero a Jihar Kebbi. Ya ce a rani guda iyafis uku ya saya, amma da ya sunkuya a gona sai su zame su faɗo, sautinsu kuma siriri kamar kukan sauro. Yana tambaya, shin jabu ake sayar masa? Ta biyu daga wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a Tasawa, Jamhuriyar Nijar. Ta ce in ta yi sa'a guda da shi sai kunne ya kama ciwo da ƙaiƙayi, kuma guda ɗaya suke amfani da shi ita da 'yarta. Ta uku daga wani Alhaji mai hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Nasa ɓari guda ya yi ƙasa da murya, ya je ya sayo marar igiya, sai kuma rediyon wayar ya ƙi kamawa. Ta huɗu daga wani matashi mai aikin injin niƙa a Giwa, Jihar Kaduna. Ya ce sai ya ƙure murya yake jin shirye-shiryenmu saboda ƙarar inji, da dare kuma kunnensa yana yi masa shiii kamar gyare ya shiga. Yana so in gaya masa wane iyafis ne ya fi kowanne ƙara, ya saya.

Mun gode muku duka. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ta ƙarshen nan ita ce ta fi tayar mini da hankali, don haka kowa ya daure ya kai ƙarshe.

KUNNE MA YANA DA LAMBA

Bari mu fara da kai, Malam na Aliero. Mai yiwuwa ne an haɗa ka da jabu, don kasuwa ba ta rasa su. Amma a yadda ka kwatanta, na fi zargin 'yar robar nan mai laushi da ke bakin abin. Ramin kunnen babban mutum tsawonsa wajen santimita 2 da rabi ne, watau kwatankwacin gaɓar ƙarshe ta babban yatsanka, kuma ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa. Faɗinsa kuwa kowa da nasa, kamar yadda kowa yake da lambar takalminsa da ta hularsa. Har ma mutum guda sai ka tarar kunnensa na dama ya fi na hagu faɗi. Wannan ne ya sa masu ƙera iyafis na kirki suke sako robobi iri uku a cikin kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba. Wadda ka tarar a jiki ranar saye galibi matsakaiciyar ce. Mu kuwa da mun buɗe kwali sai mu yar da 'yar ledar da sauran suke ciki, muna zaton tarkace ne, ko yara su kwashe su yi wasa da su. To, a nan ake yin asarar.

Kai da kake noman rani, ka san abin da ke faruwa in tiyo ya huje tsakanin injin ban-ruwa da fangali. Ko ka ƙara wa inji wuta, mai kawai kake ƙonawa, ruwa yana tsiyaya a hanya. To haka sauti yake. A cikin iyafis akwai ɗan faifai ƙarami da ke kaɗa iska. In robar ta rufe ramin kunne ruf, iskar da ya kaɗa za ta tafi kai tsaye ga dodon kunne. In kuwa akwai kafa a gefe, sai ta zurare, kuma abin da ke fara zurarewa shi ne kaurin sauti, irin amon tambari ko na babbar ganga, wanda samari ke kira bes. Sai a bar ka da kukan sauron nan da ka ce. Ta wannan kafa kuma hayaniyar waje take shigowa, sai hannu ya tafi wajen ƙara murya, alhali gyaran yana ga roba.

Ga yadda ake sa shi. Da farko duba harafin da ke jiki, mai R na dama ne, mai L na hagu. In za ka sa na dama, ka zagayo da hannun hagu ta ƙeya, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya kaɗan. Wannan jan shi ke miƙar da lanƙwasar ramin. Sai ka sa robar a hankali, ka ɗan murza ta, sa'an nan ka saki kunnen ya koma ya riƙe ta. Ba a turawa da ƙarfi, ba kuma sai ta nutse can ciki ba. Haka za ka yi wa na hagu da hannun dama.

Yaya za ka gane ta zauna? Kafin ka kunna komai, ka saurara. Ya kamata hayaniyar waje ta ragu kamar ka toshe kunne da yatsa, in ka yi magana kuma ka ji muryarka a cikin kanka. Sai ka girgiza kai, ka motsa baki kamar mai tauna goro, ka sunkuya kamar za ka cire ciyawa. In ta faɗo, ko kuwa hayaniya ba ta ragu ba, gwada wadda ta fi ta girma. In kuma ka ji tana danna ka, ko tana turo kanta waje a hankali, to ta yi maka yawa, koma ƙarama. Babu laifi ko kaɗan ka sa babba a dama, matsakaiciya a hagu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wanda ya riga ya yar da nasa, masu sayar da kayan waya suna sayar da robobin daban, kuɗinsu kuma bai kai na sabon iyafis ba. Amma ka tafi da naka a gwada a gabanka, don bakinsu ba ɗaya ba ne. Akwai kuma na soso, wanda ake murzawa a tsakanin yatsu ya tsuke, a sa shi a riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Shi ya fi riƙo ga mai zufa, sai dai yana shan dauɗa, yana kuma saurin lalacewa, bayan 'yan watanni sai an sake. Sa'an nan akwai irin mai tauri wanda ba shi da roba sam, a bakin kunne kawai yake zama. Shi lamba ɗaya aka yi shi, in bai dace da kunnenka ba babu dabara, kuma ba ya rufe kunne, don haka kada ka nemi kaurin sauti sosai a wurinsa.

Abu na ƙarshe a taka tambayar, Malam, shi ne igiya. Sau da yawa nauyinta ne ke fizgo shi in ka sunkuya. Ka zura ta ta cikin riga, ka ɗora ta ta bayan kunne ta zagayo, ko ka maƙale ta a wuyan riga. Yin haka yana kuma rage ƙarar nan da kake ji in igiya tana gogar tufa. In zufa ta yi yawa, cire ka share kunne da robar da tsumma mai tsabta, don roba mai santsi ba ta zama.

CIWO DA ƘAIƘAYI

Hajiya ta Tasawa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya dace da kunne ba ya sa ciwo. In ciwon da kin cire yake tafiya, to robar ce ta yi miki girma ko kina tura ta da yawa, sai ki koma ƙarama. Ƙaiƙayi kuwa galibi daga danshi yake. Kunne yana son iska. In aka toshe shi tun hantsi har la'asar, ga zafin kasuwa ga mayafi a kai, sai zufa ta taru a ciki, ƙwayoyin cuta kuwa babu abin da suke so kamar ɗumi da laima. Don haka duk bayan sa'a guda ki cire shi na 'yan mintoci kunne ya sha iska. In kin yi alwala ko wanka, ki bari kunne ya bushe tukuna. Kada kuma a kwana da shi.

Batun amfani da guda ɗaya ke da 'yarki, na san zaman gida sai da aro, amma wannan abu ɗan'uwan asuwaki ne, kowa da nasa. In babu halin sayen biyu, to aƙalla kowa ta riƙe robobinta, in za a karɓa a sauya. Sau ɗaya a mako ki cire robobin ki wanke su da ruwa da ɗan sabulu, ki ɗauraye, ki bari su bushe sarai kafin ki mayar. Shi kansa iyafis ɗin ba a sa shi a ruwa, shafewa ake yi da tsumma.

Ina kuma so in ja kunnenmu duka a kan dauɗar kunne. Allah bai yi ta a banza ba. Ita ke tare ƙura da ƙananan ƙwari, kuma kunne da kansa yake turo ta waje a hankali. Yawan cusa iyafis yana iya mayar da ita ciki ta taru. Mu kuma sai mu bi ta da gashin kaza, ko tsinken ashana, ko murfin biro, ko tsinken nan mai auduga a kai, mu ƙara danna ta, wani har ya ji wa ramin rauni ko ya huda dodon kunne. Abin da ya fito bakin kunne a share shi da tsumma, na ciki a bar wa ma'aikacin lafiya. In kuwa kunne ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ko ya kumbura, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, to Hajiya ki ajiye iyafis ki tafi likita. Kada a ɗiga manja ko ruwan albasa ko maganin da maƙwabta suka rage, domin in dodon kunne ya huje, abin da aka ɗiga ciki zai wuce. Mai ciwon sukari kuwa kada ya yi jinkiri ko na kwana biyu, don ciwon kunne yana saurin yi masa tsanani.

ƁARI GUDA YA YI SHIRU, REDIYO YA ƘI KAMAWA

Alhaji na Dawanau, Allah ya ba da kasuwa. In ka cire robar ka duba bakin iyafis, za ka ga 'yar rariya ƙarama. Dauɗar kunne da ƙurar hatsi da ta hunturu su kan haɗu su liƙe ta, sai murya ta yi ƙasa. Ka sami tsohon buroshin haƙori busasshe, ka kifa bakin yana kallon ƙasa, ka goge a hankali dattin ya zubo. Kada ka sa allura, za ka huda rariyar. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya dawo da murya. In kuma sai ka motsa igiya a gindin ƙarfen da ake sokawa murya take zuwa tana ɗaukewa, to igiya ce ta karye a ciki. Abin da ke jawo haka shi ne fizgo ta da ake yi, da naɗe ta tamau a jikin waya. A riƙa kama kan a zare. Ramin da ake soka shi ma yakan cika da dattin aljihu har ƙarfen ya kasa shiga sosai, sai a kashe waya a sakace shi a hankali da tsinken sakace.

Amma ga wani gwaji da nake so ka yi kafin komai. Ɗauki ɓarin da ya yi ƙasa ka sa shi a ɗaya kunnen. In rashin muryar ya bi shi, to laifin iyafis ne. In kuwa ka sauya amma wancan kunnen dai shi ne ba ya ji sosai, to kunnen ne, sai a je a duba. Wanda kuma ya wayi gari kunne guda ya ɗauke farat ɗaya, kada ya zauna yana jiran ya buɗe da kansa, ya nemi asibiti a ranar, don irin wannan magani ya fi kama shi a kwanakin farko.

Batun rediyo kuwa, ba a cuce ka ba, Alhaji. A yawancin wayoyi igiyar iyafis ita ce eriyar da ke kamo tashoshin FM, waɗanda ke tsakanin 87.5 da 108 a kan mita. Shi ya sa waya take ce maka ka soka iyafis kafin rediyo ya buɗe. Marar igiya, watau mai aiki da Bluetooth, ba shi da abin da zai zama eriya. Don haka in rediyo kake so, sai mai igiya, kuma ka warware ta ta miƙe, don in ta dunƙule a aljihu tasha za ta yi ta shashshaka. Wasu ƙananan wayoyi masu madannai suna da eriyarsu a ciki, su ba ruwansu da wannan. In ba haka ba sai dai a saurara ta intanet, ita kuwa kuɗin data take ci.

Mai shirin sayen sabuwar waya ya lura da wannan. Tun shekarar 2016 da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da ramin iyafis ba, wasu kamfanoni suka bi sahu, musamman a wayoyi masu tsada, kuma da yawa daga cikinsu ba su da rediyon FM sam. Ka tambaya tun kana gaban mai shago. Ka kuma duba ƙarfen iyafis, mai zobe biyu na saurare ne kawai, mai zobe uku shi ne mai makirfon da za ka amsa kira da shi.

Marar igiyar da ka saya kada ka yar. Yana aiki har nisan wajen mita 10 daga waya, yana da daɗin amsa kira in hannu yana kan mudu. Sai dai batirinsa ba ya son zafi, kada a bar shi a rana ko a gaban mota, kuma in robarsa ba ta zauna ba, ranar da ya faɗa cikin buhun gero sai an juye buhun. In kana so ka bar kunne ɗaya a buɗe saboda masu ciniki, ka sa yaron shago ya duba maka cikin saitin waya, a yawancinsu akwai wurin da ake haɗe sautin ɓari biyu ya zama ɗaya, sai ka ji komai a kunne guda.

WANDA YA FI KOWANNE ƘARA

To, ƙanena na Giwa, na zo kanka. Ba zan gaya maka wanda ya fi ƙara ba, kuma ka yi haƙuri ka ji dalili.

In sauti ya shiga kunne, dodon kunne yake kaɗawa. Shi kuma ya miƙa wa wasu 'yan ƙasusuwa guda 3, ɗaya daga cikinsu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Su kuma su miƙa wa wani abu mai siffar katantanwa can ciki, wanda ke ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi wajen 16,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da sauti saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Ka ɗauke su kamar gero ɗan mako uku. In shanu suka bi ta kansa sau ɗaya, ya kwanta, da safe yana iya tashi. In kuwa kullum ta nan suke bi, wurin burtali zai koma. Bambancin kawai shi ne gona ana sake shuka ta, waɗannan kuwa in sun mutu ba sa sake tsirowa. Shiii ɗin nan da kake ji da dare, alama ce shanu sun bi ta gonarka.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce, ƙarar babur kuwa takan kai 95. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun fitar da ƙa'ida cewa babban mutum zai iya sauraren sauti mai desibel 80 har sa'a 40 a mako, yaro kuma 75. Daga nan duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 90 sa'a 4 ne kacal a mako, a 100 kuwa bai kai rabin sa'a ba a mako guda cur. Waya da iyafis in aka ƙure su suna iya kaiwa 100 ko fiye. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Shawararta ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100, watau ka raba sandar muryar wayarka gida 10, ka tsaya a na 6. Gargaɗin nan da waya ke fitowa da shi in ka matsa sama, wanda muke dannawa mu wuce, abin da yake faɗa ke nan.

Kai kuwa kaya biyu ka ɗora wa kunnenka. Duk wurin da sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu ya ji ka, ƙarar wurin ta riga ta kai ta yi ɓarna. Ɗakin niƙa haka yake. Ga ƙarar inji, ka kuma zo ka ɗora wadda ta fi ta don ka ji rediyo. Abin da kake bukata a bakin inji shi ne toshiyar kunne ta soso, ko murfin kunne irin na ma'aikatan masana'anta, ana samunsu wajen masu sayar da hular kwano da takalman aiki. Auduga ba ta tare abin kirki. Akwai iyafis masu tsada da ke rage gunjin inji, amma ba don kare ma'aikaci aka yi su ba. Bugu da ƙari, igiya tana reto kusa da bel ɗin inji haɗari ce a kan kanta. Ka bari sai an kashe inji, ka fita gindin bishiya, ka sa robar da ta dace, za ka ga a mataki na 4 ko na 5 ma kana jin komai tar. Ni dai na yafe maka sauraren shirina a bakin aiki, na fi so ka ji ni shekara 30 masu zuwa in muna raye.

Ba labari nake ba ka ba. Lokacin da na fara aikin rediyo ina saurayi, abin saurarenmu na ɗakin watsa shiri ƙure shi nake yi, don daɗin jin muryata da kauri. Wani dattijo mai kula da injuna ya sha rage mini, ina mayarwa in ya juya baya. Yau kunnena na hagu ba ya yin shiru, in gari ya yi tsit bayan lisha sai ya fara busa. Da aka auna ni, likita ya ce siraran sautuka sun riga sun ragu, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare saura. A wurin suna ko ɗaurin aure, in mutane suka haɗa baki, sai in ga mutum yana magana in yi ta gyaɗa kai, rabi na ji rabi ban ji ba. Ciwon nan ba ya zuwa da zafi balle ka farga, a hankali yake ci. Ka tuna kuma ɗan kasuwa da kunne yake ciniki, in aka ce dubu bakwai ka ji dubu takwas, rigima ce.

Don haka in shiii ɗin ya wuce kwana biyu bai tafi ba, ko ka lura kana yawan cewa "na'am?" ana maimaita maka, ka je a auna. Kai ma kusa kake, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara kuma ita ce ranar ji ta duniya, mai mantuwa ya riƙe ta a matsayin ranar tuna wa kansa da iyalinsa.

Kafin in rufe, akwai jan kunne guda ga kowa. Robar da ta rufe kunne da kyau tana hana ka jin mota kamar yadda take hana ka jin hayaniya. Ɗan acaɓa, da mai keke, da mai tura baro a kasuwa, da mai tsallaka titi ko layin dogo, kada ɗayanku ya toshe kunne biyu a kan hanya. Haka makiyayi a daji, da manomin da ke gona shi kaɗai, a bar kunne ɗaya a buɗe, don ba a san lokacin da za a yi kira ba. Iyaye kuma a riƙa lura da yara. In kana zaune kusa da yaro kana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinsa, ko ka kira shi bai ji ba, to a duba murya, a rage.

A taƙaice dai jama'a, kada a yar da robobin kwali, a gwada har a sami wadda ta zauna. In ta zauna, sauti zai yi kauri, hayaniya ta ragu, hannu kuma ya daina zuwa wajen ƙara murya. A wanke, a busar, a bar kunne ya huta, kowa ya riƙe nasa. Iyafis in ya lalace gobe ka sayi wani a kasuwar ƙauye, kunne kuwa biyun nan da Allah ya ba ka su ke nan. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Nan za mu dakata a wannan mako. Malam na Aliero, muna jiran ka rubuto ka gaya mana wace roba ce ta dace da kai. Ƙanena na Giwa, kai ma ka sanar da mu abin da likita ya ce. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba, a yi mana haƙuri, suna nan a ajiye. Allah ya tsare mana jinmu da ganinmu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.